Na Binne Mahaifina a Garin da Ba Nasa Ba

A wannan wata mahaifina, Baba Ishaya na unguwar Nasarawa, ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Kowace shekara nakan ba fasto takarda ya karanta sunansa a cikin sujada, a yi addu'a, a dafa shinkafa a gida, kowa ya ci ya watse. Bana ban kai takardar ba. Na zaɓi in rubuta wannan a jarida, domin akwai abin da na yi wa tsohon nan wanda addu'ar minti biyu ba ta rufe shi. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Aikin sito na yi a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne a ajiye kowane kaya a inda ya kamata. Don haka zan faɗi maganar bi da bi, daga farkonta.

Farkonta kakanmu ne. A zamanin Turawa ya zo Kaduna, da ƙafa, daga kudancin ƙasar da yau ake kira Chadi. Faransawa suna kwashe samari suna kai su aikin dole, shi kuma ya gudu. Ya yi ta tafiya yana noma wa mutane a hanya don ya sami abin ci, har ya iso inda ake shimfiɗa layin dogo a kudancin kogi. Aka ɗauke shi lebura, yana ɗaukar katakon da ake ɗora ƙarfen jirgi a kai. Ba wanda ya iya faɗin sunansa daidai, sai leburori suka sa masa Garba. Da yake Garba suna da yawa a wurin, aka ƙara masa Faransa. Ya auri kakarmu Kande, 'yar wani ƙauye a kudancin jihar nan, wadda take kawo wa leburori kunu. 'Ya'yansu duk sun mutu suna ƙanana, Baba kaɗai ya rayu. Gidan da kakanmu ya gina a Nasarawa ya zama gidan Faransa, kuma da wannan suna aka san mu a unguwa. Bai taɓa komawa ƙasarsu ba. Da ya mutu aka binne shi a tsohuwar maƙabarta kusa da layin da ya yi wa aiki.

Bai bar gona ba, bai bar harshe ba. Sunaye shida ya bari: nasa na gaskiya, da na ubansa, da na kakansa, haka har mutum shida a jere. Ya koya wa Baba su, Baba kuma ya mai da su al'adar gidanmu. Ranar sabuwar shekara, idan an tashi daga coci, kafin a buɗe tukunya, sai ya tsai da mu a tsakar gida bisa tsarin haihuwa. Yayata Ladi ce a gaba, ni ina bin ta. Ya kira suna, mu maimaita, har a kai na shida. A tsaye ake yi, ba a zaune ba. Ban da sunayen nan Baba bai san ko kalma ɗaya ta harshen ubansa ba.

Dole in faɗi cewa tun ina yaro ba na son abin. A makaranta yara suna bina suna cewa ɗan Faransa ya zo, a yi masa bonjur. Sunayen kuma suna da nauyi a baki, ba su yi kama da na kowa a unguwa ba. Yaya Ladi tana da babbar murya, sai in laɓe a bayan muryarta ina motsa leɓe. Biyu na farko kaɗai na riƙe da kyau. Shekara da shekaru ina yin haka, Baba yana tsammanin ɗansa namiji ya haddace su.

Abu na biyu shi ne takarda. Babbar 'yata Rifkatu ta ci jarrabawa da kyau, tana son makarantar koyon jinya, aka ce sai ta kawo takardar indijin, wato shaidar cewa ita 'yar asalin wata ƙaramar hukuma ce. Na je ofis. Akawun ya tambaye ni garinmu, na ce Nasarawa. Ya ce ba inda nake kwana yake tambaya ba, inda kakana ya fito yake nufi, kuma ta wajen uba ake bi. Na ce zan dawo. Na fito na tsaya a bakin titi na daɗe. An haifi ubana a garin nan, an haife ni, an haifi yarinyar, kakana yana kwance a ƙasarsa, amma ba mu da layin da za mu cike a takardar.

Bayan kwana uku na shiga mota na tafi ƙauyen kakarmu Kande, wurin Kawu Tanko, ɗan wanta. Na roƙe shi ya shaida a gaban dagaci cewa Garba ɗan gidansu ne da ya tafi aikin dogo tun yana saurayi. Ya ce saboda Kande zai yi. Ya jera wa dagaci sunayen iyayen gidansu, na rubuta su a takarda na ajiye. Na dawo Kaduna na yi rantsuwa a kotu na cire Faransa daga sunanmu. Rifkatu ta sami makaranta. Don maganar ta zauna da gindinta, na shiga ƙungiyar 'yan ƙauyen mazauna Kaduna, masu taro Lahadin farko na kowane wata. Da suka ga ina zuwa a kan lokaci kuma rubutuna yana da tsabta, suka naɗa ni sakatare.

Ba zan ce takardar nan ce laifina ba. Iyaye da yawa a kudancin kogin nan sun yi irinta, kuma ban yi nadamar karatun 'yata ba. Laifin ya fara ne a sabuwar shekarar da ta biyo baya. Na gayyaci mutum biyu daga ƙungiya su zo cin abinci. Da muka dawo daga coci na ga Baba ya fito tsakar gida yana gyara hularsa, na san abin da zai biyo. Na ja shi gefe.

"Baba, bana a bar maganar sunayen nan."

"Don me?"

"Akwai baƙi."

"Baƙo ya taɓa hana mutum kiran ubansa?"

"Takardar yarinyar nan za ta lalace."

Ya juya ya kalli Rifkatu tana jera kwanoni. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Ya ce, "To, ku ci abinci." Ya koma ɗaki.

Daga ranar ba a sake jeruwa a tsakar gidanmu ba. Ko a shekarun da babu baƙi bai tayar da maganar ba, ni ma ban ce ya tayar ba. Ƙananan 'ya'yana sun girma ba su taɓa jin sunayen ba. Baba bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma a lokacin na ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce idan ya mutu a sa shi kusa da ubansa a tsohuwar maƙabarta. Sau uku ya faɗa mini, na ƙarshe a gaban Yaya Ladi, kuma duk sau ukun na ce to.

Abu na uku shi ne jana'iza. Baba ya yi 'yar gajeriyar jinya ya rasu da hantsi ranar Talata. Kafin la'asar 'yan ƙungiya sun iso da rumfa da kujeru, matansu sun ɗora tukwane. Mutanen kirki ne, ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu. A wurinsu ɗan gari ba ya kwana a maƙabartar birni, gida ake kai shi. Shugaban ƙungiya ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Sakatare, yaushe za mu kai Baba gida?" Kowa yana jiran amsata. Jimla ɗaya ce ta rage mini in faɗa, cewa tsohon ya bar wasiyya. Na ce, "Asabar."

Yaya Ladi ta same ni a bayan ɗaki ina rubuta tarihin marigayi da za a buga a takardar jana'iza. Ta karanta layin farko a hankali, domin karatunta ba shi da sauri. Ta ce, "Wane gida za ka kai shi, Bitrus?" Na ce an riga an yi magana a gaban mutane. Ta ce, "Shi ma a gaban mutum ya yi tasa. Ko ni ba mutum ba ce?" Na ce ta bar ni in gama aiki. Ranar Asabar ta shiga bas ta zauna a kujerar ƙarshe, ba ta yi waƙa ko ɗaya ba har muka isa.

Akwai al'adar ƙauyen nan da ban sani ba. Na raka gawa can sau da yawa, amma kullum ina wajen rumfa ina lura da kujeru da abinci, ban taɓa tsayawa wajen masu haƙa ba. Ashe ba a sa fartanya a ƙasa sai babban ɗan mamaci ya tsaya ya kira iyayen mamacin a jere, daga ubansa zuwa sama. Kowane suna dattawa su amsa. Da haka suke sanin layin kaburburan gidan da za a haƙa masa a ciki. Mata suna tsayawa daga nesa, ba sa magana a wurin.

Aka ce in fito. Na laluba aljihu na ciro tsohuwar takardar nan ta gaban dagaci, domin na saba tafiya da ita duk lokacin da za ni ƙauyen. Na karanta suna na farko. Ba wanda ya amsa. Na karanta na biyu da ƙarfi, ina tsammanin ba su ji ba ne. Wani dattijo ya ce, "Waɗannan iyayen Kande ne, mun san su, ga su can a kwance. Nasa muke jira."

Na juya wajen Kawu Tanko. Ya tsufa sosai, a kan kujera aka kawo shi. Ya ce, "Kada ka kalle ni. Na yi maka shaida a gaban dagaci, ba zan yi a bakin rami ba." Sannan ya sassauta murya. "Ɗan 'yar'uwarmu ne, ba mu ƙi shi ba. Kira nasa, ko daga ina suke, za mu amsa. Mu sa shi kusa da dangin uwarsa."

Ga inda nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mantuwa ce ta kama ni. Ba ita ba ce. Sunaye biyu na farko suna bakina. Da na faɗe su, da dattawan sun aika an tambayo sauran wurin Yaya, domin sun nuna suna son su taimake ni. Amma shugaban ƙungiya yana tsaye a damana, mataimakinsa yana haguna, kuma ni ne sakatarensu shekara goma sha wani abu. Na ninke takardar na ce, "Waɗannan na sani."

Dattawan suka kalli juna. Ba su yi gardama ba. Suka nuna wa samari wani wuri can bayan layukan kaburburan gidaje, a bakin wata gonar citta, inda ake sa baƙon da ya mutu a gari ba a san iyayensa ba. Nan aka haƙa wa Baba. Mutumin da ya fi kowa a unguwarmu sanin iyayensa, ni ɗansa na sa aka binne shi cikin waɗanda ba su da kowa.

Abin da na ji tsoro kuwa bai faru ba. Ba wanda ya taɓa takardar Rifkatu. Ba wanda ya cire ni daga sakatare. A taron watan da ya biyo baya aka yi mini gaisuwa, aka ce in karanta bayanin zaman da ya wuce, na karanta.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga Kaduna ta yau. Masaƙun da suka tara mutanen Filato da Binuwai da na kudancin jiha a Kakuri sun yi shiru. Ciyawa ta rufe wasu sassan layin da ubansa ya ɗauki katakonsa. A zamaninsa yakan taka har Tudun Wada ya zauna a shagon wani Alhaji tela, abokinsa tun suna yara, su yi ta musu a kan ƙwallo. Yau mutum kan duba addinin unguwa kafin ya kama haya a cikinta. Ina jin wannan zai dame shi. Amma ina jin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yadda tambayar nan ta akawu ta shiga bakin kowa. Yaron da aka haifa a Nasarawa, bai taɓa kwana uku a ƙauye ba, idan ka ce masa ɗan ina ne sai ya kira maka wani gari da ke bayan duwatsu. Ba wanda yake cewa shi ɗan Kaduna ne. Baba kuwa haka yake amsawa, kai tsaye, ya ce ubansa ne ya shimfiɗa hanyar da sauran suka biyo suka zo. Masu keke na yanzu ba su san gidan Faransa ba, sai ka ce musu bayan shagon mai faci. Na je tsohuwar maƙabarta neman kabarin kakanmu, wurin ya cika ya haɗe, ban gane shi ba. Kabarin Baba kuma rabona da shi shekara biyar. Nakan ce hanya ce ba lafiya. Hanyar ba lafiya, gaskiya ne, amma ko lokacin da take lafiya sau biyu na je.

Abu na ƙarshe ya faru bana. Yaya Ladi tana sayar da doya a bakin titi a Gonin Gora. Tun ranar jana'iza gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Tana zuwa bikin 'ya'yana, tana cin abincin gidana, amma ba ta taɓa zama mu yi hira ba. Wata uku da suka wuce Rifkatu, wadda yanzu babbar ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ta ce mini, "Baba, Goggo ta fara mantuwa. Jiya ta kira ni da sunan Mama. Irin wannan ba ya komawa baya." Na fahimci abin da take nufi. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ke riƙe da sunayen nan.

Na ɗauki littafi da biro na tafi. Na same ta a ƙarƙashin lema tana kore ƙuda, tireloli suna wucewa.

"A'a, Malam sakatare. Doya ka zo saya?"

"Sunayen na zo karɓa, Yaya."

"Wane ofis ne yake nema?"

"Ba ofis. Ni nake nema."

Ta ɗauki wata doya ta juya ta ta ajiye. Ta ce, "A gaban mutane ka ƙi su. Ba zan ba ka su a bayan lema ba kamar kayan sata. Je ka gaya wa mutanenka ko kai ɗan wane ne, sannan ka dawo."

Ban yi sauri ba, kuma wannan ma yana cikin lissafin laifina. Taron wata na farko na je na zauna na kasa. A na biyu na miƙe na faɗi komai, daga layin dogo har gonar citta. Da na gama, tsohon shugabanmu ya yi dariya ya ce, "Haba Bitrus, wa ka ɗauka bai sani ba? Mu fa muna wurin jana'izar. Zauna, ba a kawo abinci ba tukuna." Na zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara goma sha biyu ina gadin ƙofar da kowa ya san abin da ke bayanta. Da yamma na tara 'ya'yana na gaya musu. Ƙaramin ya tambaye ni ko yanzu shi ɗan Chadi ne. Na ce masa shi ɗan Nasarawa ne, kakan ubansa ne ya zo daga can.

Makon da ya wuce na koma Gonin Gora tare da Rifkatu. Yaya ta saurari bayanina har ƙarshe. Ta ce mu tashi, ba a yi a zaune. Ta dafa teburin doya ta miƙe, na tsaya a bayanta, Rifkatu a bayana, masu sayar da burodi suna kallonmu. Ta kira na farko da muryar nan tata, muka maimaita. Na biyu, na uku, na huɗu. Sai ta tsaya. Ta ce mu sake daga farko. Muka sake, ta zo na huɗu ta tsaya. Sau uku muna yi. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi, ba abin da ya fito. Ta koma ta zauna.

Ta ce, "Rubuta waɗannan kafin su ma su tafi." Ina rubutawa ta ƙara da cewa, "Ranar Kirsimeti ina da biyar."

To me ya rage na Baba Ishaya? Gidan yana nan, ko da sunansa ya ɓace. Jikokinsa sun yi karatu da takardar da ya yi shiru saboda ita, kuma yanzu na san shirun ba yarda ba ne, kyauta ce ya yi wa yarinyar daga abu ɗaya tilo da ya gada. Wasiyyarsa ban cika ba, kuma ba ta cikuwa, domin ba a tono tsoho bayan shekara goma sha biyu a kai shi kusa da kabarin da ba a gane ba. Abin da ban faɗa a bakin ramin ba shi kaɗai nake da ikon gyarawa, kuma shi ma ba duka ba. Don haka ga shi, a gaban duk wanda ya buɗe wannan jarida, a ƙauyen ko a birni. Wanda ke kwance a bakin gonar citta ba baƙo marar iyaye ba ne. Ishaya ne, ɗan Ngaro da aka sani da Garba Faransa, ɗan Mbaita, ɗan Najiro, ɗan Tolde.

Akwai mutum biyu a saman Tolde. Sun ƙetare ƙasa biyu a cikin kan saurayi mai gudu da ƙafa, sun yi fiye da shekara tamanin a tsakar gida ɗaya a Nasarawa. A hannuna suka ɓace.